Bencin siziyem

Jiya da daddare na ɗauki wani littafin labari da 'yar yayata ta aro, wai in duba shafi biyu kafin barci. Ai kuwa sai da aka kira assalatu ina kansa. Labarin wata yarinya ne da ta shiga kolej, ƙawarta tun ta firamare ta samu sababbin ƙawaye, ta fara yi mata kallon baƙuwa.

Sai ga ni na koma Garwa ta Kamaru, shekarar da na shiga siziyem, wato ajin farko na kolej. A gida Hausa, a unguwa Fulatanci, a aji Faransanci, kuma nawa Faransancin duk "p" ɗinsa "f" ne. Ranar farko malam ya ce in karanta, na ce "fafa" maimakon "papa". Aji ya kwashe da dariya, har da wadda muka yi shekaru kan tabarma ɗaya a makarantar allo. Ita ce ma ta fi kowa ƙyaƙyatawa. Wallahi har yau in na tuna sai na ji abin a ƙirji.

Wadda ta matsa min a benci kuwa 'yar ƙabilar Tupuri ce, ko "sannu" ba ta sani ba. Lokacin shan iska mu sayi ƙosan dala biyar, ita biyu ni biyu, na biyar ɗin mu raba. Haka muka yi shekara 4 har muka zana BEPC, jarrabawar kammala zangon farko na kolej.

A littafin an sasanta ƙawayen a ƙarshe. Ni dai ban yarda da wannan wurin ba. Tawa ta makarantar allo sai a gidan biki muke haɗuwa, mu gaisa sama-sama, kowa ta nemi kujerarta.