Rakiyar masu kansa daga Tawa zuwa Yamai

A ƙungiyarmu ta adashi, irin ta Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi tun 1991, muna da asusu na biyu don haihuwa da rasuwa da gobara. Lokacin da kansar nono ta kama yayata, a nan aka ciro kuɗin motarta zuwa Yamai, ni kuma na yi mata rakiya. Bayan mun dawo sai mata suka riƙa turo mini ƴan uwansu, wai ni na san hanya. Haka hidimar ta zama tawa, ni da ban taɓa karatun likita ba.

Hanyar ta haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kuma mai ciwo ba ta jin ta kamar yadda mai lafiya ke ji. A Yamai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take, a can aka buɗe sashen gashi, wato ƙona kansa da hasken na'ura, a 2021. Kafin nan wanda aka rubuta wa gashi sai ya ƙetare iyaka, in yana da hali. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin kansar mata kyauta ne, amma kuɗin mota da makwanci da abinci na kan mai ciwo. Gashi kuwa kusan kullum ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a, har makonni. Shi ya sa kafin mace ta bar Tawa muke fara neman gidan ɗan Adar, wato ɗan yankinmu na Tawa, a Yamai da zai sauke ta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kuɗi ba su ne damuwar kowa ba. Wata matar ɗan kasuwa ta zo, ba ta rasa komi ba, sai dai ta kasa buɗe baki ta gaya wa maigidanta za a cire mata nono, tana tsoron a yi mata kishiya tana kwance. Gwaggonshi muka samu, ita ta zaunar da shi. Wata kuma mai tuyar ƙosai ce, da gashin kanta ya zube saboda shimiyo, wato allurar maganin kansa, sai masu saye suka watse, wai kada su ɗauka. Kansa ba a ɗaukarta a kwano ko a gaisuwa, amma wa'azi bai mayar da ciniki. Sai muka riƙa zuwa da safe muna saye, muna ci a nan gaban jama'a, har mutane suka dawo. Akwai wani dattijo da ya ƙi sam a ce mata ne ke ɗawainiyarshi. Na gaishe shi, na ce, “Baba, ba mu muka aiko ba, liman ne.” Da ma mun riga mun roƙi liman ya karɓi aiken.

Don haka yanzu ba na shiga gida da abin da na yanke. Bayan gaisuwa sai in ce, “Yaya, mi ya fi damunki a wannan mako?” A wannan mako nake cewa, don amsar tana sauyawa. Kwanakin da ke bin shimiyo, wanda galibi ake yi duk bayan mako uku, tashin zuciya ne da gyambon baki, sai kunu mai ɗumi marar yaji, kaɗan-kaɗan. Mako na gaba wataƙila mai kai yara lakkol take nema, ko mai ɗebo ruwa. In zazzaɓi ya taso a tsakanin allurai, wannan ba na jira ba ne, asibiti ake tafiya ko da tsakar dare.

Maganar boka ba na zagin kowa a kanta, in ka zagi abin da uwa ta kawo wa ɗiyarta, an rufe maka ƙofa ke nan. Addu'a muna yi tare. Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaga ƙullutu, kada a shafa mai cin fata, kuma duk jiƙon da ake sha a nuna wa likita.

Inda na fi ganin ana sakaci shi ne bayan an gama magani. Ranar dawowa gida ya cika, kowa na barka, an warke. Bayan wata ɗaya ba mai leƙowa, alhali gajiya ba ta saki mai ciwon ba. Hannun yayata na gefen da aka yi aikin ya riƙa kumbura, daka da ɗaukar tulu suka gagare ta, ga ƙwayar tamoxifen da aka ce ta sha kullum har shekara 5, ga fargaba duk ranar da randebu ya matso. Ta daina zuwa biki don riga ba ta zama daidai a ƙirjinta. Wata tela a ƙungiyarmu ta ɗinka mata ɗan matashi na auduga da ake sawa cikin rigar nono, kuma da shi ta je sunan jikarta.

Yanzu yayata ke riƙe da littafin da muke rubuta ranakun komawa asibiti, ita ke buga salula ta tuna wa kowa. In sabuwa ta zo tana kuka, ni sai in fita tsakar gida in bar su a ɗaki, don akwai tambayar da mace ba ta yi sai ga wadda ta ga tabon a jikinta.