Abin da guguwar rana ta koya mini a aikin awon filaye

Yanzu da na ajiye aiki a wani ofishin awon filaye da ke Yamai, ina iya faɗin abin da ya faru a watan Mayun 2024 ba tare da tsoron takardar gargaɗi ba.

Ranar 9 ga wata, hukumar NOAA ta Amurka, mai hasashen yanayi, ta sanar cewa rana ta yi aman tarin iska mai ɗauke da maganaɗisu, kuma ya nufo duniya. Na roƙi shugaban sashenmu ya ɗage awon ranar Asabar, domin irin wannan guguwa tana dagula can ƙololuwar sararin da saƙon GPS ke ratsowa, har na'ura ta nuna iyaka a inda babu ita. Ya leƙa taga ya ce, "Malam, ko gajimare babu, kana zancen guguwa?" Sannan ya tuna mini wani gargaɗina na baya da ya wuce babu abin da ya faru.

A nan yana da ɗan gaskiya, ko da yake bai san dalili ba. Aman yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya, amma ba a sanin ƙarfinsa sai ya iso taurarin ɗan Adam da ke nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda ake auna ko maganaɗisunsa ya fuskanci kudu. Idan ya fuskanta, guguwar za ta yi ƙarfi, kuma abin da ya rage kafin ta iso bai fi awa ɗaya ba. Mai hasashe yana faɗin yiwuwa ne, shugaba kuwa rantsuwa yake nema.

Guguwar ta kai mataki na G5, mafi tsanani a ma'aunin, wanda rabon da a gan shi tun 2003, har manoma a Amurka suka dakatar da shuka saboda taraktocinsu sun ɓace layi. Mu kuwa muka yini cikin rana na'ura tana ƙin tsayawa kan matsayi ɗaya, aka kafa turakun iyaka a haka. Da maƙwabta biyu suka kawo ƙara, sunana aka rubuta a rahoto, tare da kalmar sakaci.

Tun daga nan nake rubuta kowane gargaɗi a takarda, a sa mini hannu. Ina kuma gwada na'ura a kan turken da aka san matsayinsa, kuma ba na amincewa da awon bayan magariba, domin a yankinmu saƙon yakan yi rawa ko babu guguwa.

An ce yanzu shugaban nan ne ke tura wa ma'aikata lambar Kp, mai nuna ƙarfin guguwar maganaɗisu, kowace safiya, yana kiran abin sabon tsarinsa.