Bel ɗin da muke ɗaure kaya da shi

Sana'armu jigila ce. Muna ɗaukar janareta, tankin ruwa, kujerun ofis da kwanon rufi daga Panteka da Kakuri a nan Kaduna zuwa Zariya, Kano da Abuja, kuma a gefen garejin muna da shago da muke sayar da tamfol da bel na ɗaure kaya, mai ƙarfen ja da ƙugiya biyu. Motarmu ba ta barin gareji sai na zagaya ta da kaina, na daki kowane bel da tafin hannu. Wanda ya ɗauru yana amsawa kamar fatar kalangu.

A tashar Kawo na koyi lodi, wurin kawuna, Allah ya ji ƙansa. Lokacin igiya ce da robar tayar mota, a yanka ta sili-sili. Mutum uku za su rataya a jikin igiya suna ja suna nishi, shi kuma yana tsaye, hannu a baya. In bai gamsu ba ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Ɗana, kwance ka sake." Hannuna har yau da kantar wannan igiya. Shi ya koya mini cewa kaya gaba suke gudu in an taka birki, don haka mai nauyi a jingina shi da kan bodi, kada a bar masa filin zamewa. Daga baya na ga ƙa'idar Turawa ma haka ta ce: ƙarfin da ke tura kaya gaba a birki ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu.

Bel ya rage wahala, amma yana da nasa ladabin. Za ka zura shi ta tsagar sandar da ke tsakiyar ƙarfen ja, ka janye rarar da hannu tukuna, sannan ka fara ja da ƙarfen. Naɗi biyu zuwa uku ya isa. In ka tara masa naɗi ya cika ya cije, sai ka ga yaron mota a Tafa, kan hanyar Abuja, cikin dare yana dukansa da dutse. Ba a ƙulla shi, ƙulli yana cin ƙarfinsa. Ba a sa bututun ƙarfe a hannun ƙarfen don ƙara ja. Duk inda ya hau kaifi, kamar bakin kwano ko kusurwar janareta, muna sa yankin tsohuwar taya a ƙarƙashi, domin kaifi kan yanka bel tun kafin a kai Jaji a hanyar Zariya. Inda ya ratsa iska babu abin da ya taɓa, sai mu murɗa shi sau ɗaya, ya daina kaɗawa yana kuka a hanya. Tankin roba kuma lallashi yake so, in ka matsa da yawa ya lotsa, mai kaya ya ce kai ka ɓata masa. Direbanmu ya san in ya ɗan yi tafiya zai tsaya ya ƙara ja, don kaya suna zama bayan sun sha gargada.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Kasuwa ta cika da bel mai launin lemu, an rubuta masa tan 5 da manyan haruffa, ka ɗaga ka ji ba nauyi. Haƙoran ƙarfen kamar... kai, da farce ma za ka ji sirantarsu. Na gaske mai faɗin milimita 50 yana da takarda ɗinke a jiki, shuɗiya in zarensa foliyesta ne, wanda ba ya miƙewa sosai kuma ba ya shan ruwa. A kanta za ka ga LC 2500, wato abin da zai riƙe a aiki in an ja shi miƙe kusan tan biyu da rabi ne. Tan 5 ɗin da ake ɗoki a kai, nan ne yake tsinkewa. Masu jabu ko ɗinkin wurin ƙugiya ba sa cikawa, layi biyu a wuce.

Sai mai saye ya zo ya ce, "Haba Alhaji, can bakin kasuwa rabin wannan kuɗin ne." Nakan ɗauko masa guda da na ajiye musamman, wanda wani direban motar kanta ya kawo bayan ƙugiyarsa ta miƙe a hanyar Kachia, in ɗora masa kusa da namu. Wasu su saya, wasu su ce za su zagayo. Akwai wani dila ma da ya fara kawo mana mai kyau, da ya ga mun saba sai ya riƙa cusa jabu a tsakiyar kwali. Mun rabu lafiya. Yanzu kowane kwali a gabana ake buɗe shi.

Namu in an sauke kaya, a kakkaɓe ƙura, a ɗiga wa haƙora baƙin mai, a naɗe a sa a buhu, domin ranar Kaduna tana cin zare fiye da aiki. Wanda ya fara tsiro gashi a gefe mun sallame shi daga hanya, sai dai ya koma riƙe tamfol a cikin gareji. Wanda ya sayi bel a wurinmu, yaranmu za su ɗaure masa lodin farko a gabansa kyauta, in ya shigo da motar.