Talata, ni da idon ƙuda

Yau kusan duk yinin ya tafi a kan tambaya ɗaya, wai ta yaya ƙuda ke gane abu dama ya nufa ko hagu. Babin gani kawai na buɗe saboda jarabawa, sai abun ya riƙe ni har yamma.

Ashe ƙwayar da ke karɓar haske a ido ba ta san motsi ba sam, iyakarta haske ya ƙaru ko ya ragu. Ɗan ƙaramin ƙudan nan Drosophila yana da ƙananan idanu kusan 800 a kowane ido, kowanne da ɗan gurbin da yake kallo, to in inuwa ta zo wucewa sai ta taɓa na farko tukuna sannan maƙwabcinsa. Daga wannan 'yar tazarar lokacin ƙwaƙwalwa ke ciro amsa.

Abin da ya fi taɓa ni aikin Hassenstein da Reichardt ne a Jamus a 1956. Wani ƙwaro suka samu mai suna Chlorophanus, suka manna bayansa a jikin tsinke, suka ba shi wata 'yar ƙwallo mara nauyi mai hanyoyi masu rabuwa biyu ya riƙe da ƙafafu, suna juya zane mai ratsi-ratsi a kewayensa suna lura da wajen da zai bi, shi a zatonsa tafiya yake. Wallahi daga wannan kaɗai, ba su leƙa cikin kansa ba, suka ce dole saƙon wuri ɗaya ana ɗan jinkirta shi sannan a ninka shi da na maƙwabci. In motsin ya taho ta hanyar da ta dace sai su iso tare amsa ta yi ƙarfi, in ta baya ya zo sai su yi saɓani. Kamar mutum biyu ne za su ɗaga kaya, in ba lokaci ɗaya suka sa hannu ba ba ya tashi.

A 1965 kuma Barlow da Levick suka duba idon zomo suka ce su danniya suka gani, ƙwayar da ke gane inda motsi ya nufa toshe ta ake yi in motsi ya zo ta inda ba ta so.

Sai da aka haura shekara 50 kafin a kama ƙwayoyin jijiyar da kansu. A 2010 mutanen Alexander Borst a cibiyar Max Planck suka nuna a idon ƙuda saƙon hanya biyu yake bi tun daga farko, ƙwayar jijiya mai suna L1 na ɗaukar ƙaruwar haske, L2 raguwarsa. A 2013 suka nuna ƙwayoyin T4 da T5 masu gane inda motsi ya nufa, T4 na bin motsin gefen abu mai haske T5 mai duhu, kuma kowacce kashi huɗu ce, gaba zuwa baya, baya zuwa gaba, sama, ƙasa. Daga baya aka gano a cikin T4 ɗin duka biyun ake yi, tana ƙarfafa motsin da take so tana danne kishiyarsa. Nan na ajiye biro na yi ta juya maganar, kai, kowa da gaskiyarsa ke nan.

Da daddare na kira Yaya ina ta zuba masa, ya ce ke kuwa meye amfanin sanin kan ƙuda. Na ce Yaya ai a wurare kaɗan ne aka bi lissafin ƙwaƙwalwa tun daga shigar haske har juyawar jiki ƙwaya bayan ƙwaya, kuma idon ɓera ma haka yake raba haske da duhu, yana da ƙwayoyi masu bin kusurwa huɗu, alhali ba wata dangantaka ta kusa. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma na ji bai gamsu ba, kuma abun ya ɗan dame ni don ina so ya ga abin da na gani.

Saura manyan ƙwayoyin HS da VS masu tattara saƙon ɗaruruwan T4 da T5 don ƙuda ya san jikinsa ne ke juyawa a iska ya gyara tashinsa. Su zan fara da safe in Allah ya kai mu.