Abin da na koya daga masu busar da gawa a Masar ta dā

A darasin tarihin Masar ta dā na fara sanin cewa kanwar da ake jefawa a tukunyar wake tana da 'yar'uwa a Wadi Natrun, arewa maso yammacin Alƙahira. Da ita mutanen zamanin Fir'auna suke lulluɓe gawa kamar kwana 40 har ta tsotse ruwan jikin kaf. Aikin gaba ɗaya, da shafe-shafen mai da ƙaro da naɗe gawar da ƙyallen lilin, yakan ci kwana 70.

Mu da muka saba a yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, abin yana da nauyi a kunne. Da yawa a ajinmu tsaki suka fara yi. Amma malaminmu ya hana mu yanke hukunci sai mun amsa tambaya guda: me suka cire, me suka bari? Wannan tambayar ce ta gyara mini yadda nake karatun tarihi. Ƙwaƙwalwa ta hanci suke zaƙulo ta da ƙugiya su zubar, don ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Hanta da huhu da tumbi da hanji kuwa, kowanne da tulunsa. Zuciya ita ake bari a ƙirji, saboda a imaninsu nan hankali yake, kuma ita za a ɗora a ma'auni a gwada da gashin tsuntsu na allahiyarsu Ma'at, alamar gaskiya. Sun yarda cewa kurwa tana komowa ta nemi jikinta, in ba ta gane shi ba ta shiga uku. Ashe aƙida ce take jan wuƙar, kuma wanda bai san aƙidar ba, fiɗa kawai zai gani.

Abu na biyu, harka ce ta kuɗi. Herodotus, Bagirken da ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce farashi uku ne, iyalan mamaci su zaɓi daidai aljihunsu. Mafi arha, a wanke cikin a jiƙa gawar a kanwa, shi ke nan. Abin da ya fi ba ni mamaki, talakan da aka turbuɗa a rairayin hamada ba akwati, zafin yashi yakan busar da shi kyauta, har da fata da gashi. Masana da dama na ganin sai da manya suka fara gina kaburbura suna raba gawa da yashi sannan ruɓewa ta zame musu matsala, dole suka nemi dabara.

Dabarar ma ba ta gama magana ba. A 1976 sai da aka ɗauki gawar Fir'auna Ramsis na Biyu a jirgi zuwa Faransa, saboda funfuna ta fara cin ta bayan shekara fiye da 3,000.