Tsohuwar Fijo a gaban mai inshora

Dillancin motoci nake yi a Birnin Kebbi, kuma da yake na daɗe a harkar tsofaffin Fijo da Marsandi, akan neme ni in faɗi abin da mota ta kai a kasuwa idan saɓani ya shiga tsakanin mai ita da kamfanin inshora. Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne ganin mutum yana da gaskiya amma ba shi da abin nunawa.

Ƙa'idar inshora ita ce a mayar da kai inda kake kafin hatsari, ba a ba ka riba ba. Don haka jami'in da ke tantance asara yakan duba shekarar mota, ya yi ta rage mata daraja gwargwadon tsufanta. Wannan lissafi ya dace da Corolla 'yar Kwatano, wadda ire-irenta suka cika gari. Amma in aka ɗora shi a kan Fijo 504 mai lafiya, kuɗin gwangwan zai fito. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya soma haɗa Fijo a Kaduna a 1975, aka ci gaba da haɗa ta a nan shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Mafi yawansu tasha ta cinye su, sun ƙare a jigilar fasinja da buhunan albasa. 'Yan kaɗan da suka rage da jikinsu na asali, kuɗinsu hawa yake yi.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya sayi tasa da bashin mota tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Tifa ta murƙushe mata baya a hanyar Kalgo. Yana da cikakkiyar inshora, wato wadda ke biyan har ɓarnar motarsa shi kansa, amma jami'in kamfani ya ce gyara ya fi kuɗin motar, ya ambaci abin da bai kai kuɗin babur ba. Dattijon ya ce mini, "Yaro, da wannan motar na kai dukan 'ya'yana mata ɗakin miji." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ba za su biya ba. A nemo mini takardu."

Sai ga shi ya fito da wata tsohuwar jakar fata. A ciki akwai rasit ɗin saye, da littafin da makanikinsa ke rubuta kowane canjin mai da gyaran kafireto, wani da biro wani da fensir. Muka goge ƙurar jikin ƙarfe, lambar shasi da ta inji suka yi daidai da na takarda, wato ba a taɓa sauya mata inji ba. Hotunan wani biki na watannin baya sun nuna fenti da kujerunta. Ni kuma na kawo shaidar ciniki na gaske, motoci irinta da aka sallama aka biya, da sa hannun mai saye da mai sayarwa. Wannan shi ne mai nauyi. Farashin da ake liƙawa a Facebook tayi ne kawai, kuma jami'in ya san haka, ba zai karɓa ba.

Kamfanin ya ɗaga tayinsa sosai, amma ya tsaya a adadin da ke rubuce a takardar inshorar, wanda Baba bai taɓa sabuntawa ba duk da faɗuwar naira. A nan ba ni da bakin magana, domin ba a biyan abin da ya wuce wannan adadi. Da yake ya ƙi rabuwa da ragowar motar, sai da aka cire kuɗinta daga diyyar.

Tun daga nan, duk wanda ya sayi irin wannan mota a hannuna nakan matsa masa ya nemi a daidaita darajarta da kamfani tun farko, a kimanta ta, a ɗauki hotuna, a rubuta cewa wannan adadin za a biya in ta hallaka. Ba kowane kamfani ke yarda ba, kuma kuɗin shekara zai ƙaru, tunda NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, ta ce kada cikakkiyar inshora ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta. Wasu sukan rage darajar don su biya kaɗan, ba su san cewa in mota ta kai miliyan 4 aka rubuta miliyan 2, kamfani na iya biyan rabin kuɗin gyara kawai ba.

Ita kuwa inshorar dole ta naira 15,000, wadda aka ƙara kuɗinta a Janairun 2023, ba ta biyan motarka ko sisi. Ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani take biya, har zuwa naira miliyan 3. In kai aka buge, a kamfanin wanda ya buge ka za ka nema, da rahoton 'yan sanda a hannu. Kada a taɓa motar da guduma kafin jami'i ya gan ta, kada kuma ka sa hannu a takardar sallama in ba ka gamsu ba, don daga ka sa, da wuya sashen koke-koke na NAICOM ya iya yi maka wani abu.