Firam ɗin da har yau babu hoto a cikinsa

Wata bakwai ke nan da aurenmu, amma duk ranar da na buɗe durowa na ga firam ɗin nan jingine a bayan kaya sai raina ya ɓaci. Tun kafin biki na saye shi, mai inci 12 da 18, don in saka hotona da kakata.

Ranar da muka zauna ni da angona muna lissafin kuɗin biki, mai hoto ne na ƙarshe a takarda. Ɗakin taro, ɗinki, kayan ado, duk sun riga shi. Da lissafi ya ƙi tashi, ni da bakina na ce a rage na hoto. Wanda muka fara magana da shi ya faɗi kuɗinsa, na ce ya yi tsada, ai yanzu kowa da waya a hannunsa. Bawan Allahn nan bai yi fushi ba. Ya yi mini bayani cewa kyamararsa memori biyu take ɗauka, kowane hoto yana sauka a duka biyun lokaci guda, zai zo da mataimaki, kuma bayan biki zai yi kwanaki gaban kwamfuta yana zaɓe da gyara. Na ji, amma na ɗauka salon ciniki ne kawai. Na samo wani da ya yarda da ƙasa da rabin kuɗin, na ba shi kafin alƙalami ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba. Rarar kuma na zuba ta a furanni da fitilun ado. Furannin nan kafin gari ya waye sun yi yaushi, aka kwashe su.

Sati biyu ina kira yana cewa yana kan gyara. A sati na uku ya kira da kansa, murya ƙasa-ƙasa: "Amarya, don Allah ki yi haƙuri, memorin ne ya ƙi buɗewa."

Memori ɗaya. Tun safe har dare a kansa ya ɗauki komai, kuma da ya koma gida bai kwafe a kwamfuta ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na ji shi, lokacin da muka kai memorin wurin mai gyaran kwamfuta. Ashe da kyamara ta nuna masa matsala sai ya goge memorin gaba ɗaya, ya je ya ɗauki wani taron a kai. Mai gyaran ya ce sau da yawa ko an goge, hotunan suna nan kwance har sai an rubuta sabon abu a kansu, kuma akwai manhajoji irin su PhotoRec da ke tono su. Da ya cire memorin nan take ya ajiye, da wataƙila an ceto mafi yawa. Hotunan wancan taron su suka hau kan namu. Cikin ɗaruruwan da ya ɗauka, sittin da 'yan kai aka samu, yawancinsu na ƙarshen dare, lokacin da Kaka ta riga ta gaji an mayar da ita gida.

Na tuna sarai yadda ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, tana yi mini addu'a a kunne, filasha tana haskawa. Na san an ɗauka. Wata huɗu bayan nan Allah ya yi mata rasuwa.

Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wanda ya ɗauka da waya. Wata 'yar'uwata ta ɗauka, ta turo mini ta WhatsApp tun a daren. Na kai wurin masu wanke hoto da murnata, sai mutumin ya buɗe shi a kwamfuta ya girgiza kai. Ya ce don hoto ya fito tas ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato mai girman firam ɗina yana buƙatar kusan 3600 da 5400, wannan kuwa bai kai ko rabin haka ba, domin WhatsApp yana matse hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Na koma neman na asali, ta ce wayarta ta cika ta goge. Mun gwada wankewa duk da haka. Fuskar Kaka ta fito kamar an shafa mata ruwa, idanunta ba sa rarrabuwa. Ban iya rataye shi ba.

Ban ce dole sai mai tsada ba, kuma ban ce kowa ya ci bashi saboda hoto ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne kuɗin da na ga ya yi yawa ba na danna maɓalli ba ne. Na memori na biyu ne, da kyamara ta biyu, da mutumin da ba zai kwanta barci ba sai ya kwafe aikinsa wuri biyu. Shi ne kuma na zaɓa na yanke. In da zan koma takardar nan, da fitilun ado zan soke.

Yanzu ƙanwata ce ke shirin nata, kuma ni na karɓi maganar mai hoto. Na zauna da mutum uku. Kowanne na tambaye shi ko kyamararsa tana ɗaukar memori biyu, da inda yake ajiye hotuna a daren biki, na kuma ce ya nuna mini hotunan biki guda cikakke, ba goman da ya zaɓa ya saka a Instagram ba, musamman na cikin ɗaki inda haske ya yi ƙaranci. Ɗaya ya fara kame-kame, na sallame shi. Wanda muka ɗauka mun rubuta komai da shi: awa nawa zai yi, hoto nawa zai bayar, a wace rana, kuma da cikakken girmansu. Cikon kuɗinsa sai hotuna sun shigo hannunmu.

Na kuma rubuta masa sunayen tsofaffin gidanmu guda biyar a takarda daban, na ce kafin ya ɗauki kowa, su zai fara ɗauka da amarya.